Ranar da Rolande Ta Ƙi Buɗe Ƙofa

Duk wanda ya san Rolande Pelletier a garinmu na arewacin jihar Maine a Amurka, da abu biyu ya san ta: ɗinkin takalmi da kyandir. Takalmin ta bari tun da aka rufe masana'antar bakin kogi, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta a sunkuye kan keke. Kyandir kuwa sai abin da ya ƙaru. Kowace shekara a farkon Fabrairu, ranar da ake sa wa kyandirori albarka a coci, sauran mata sukan zo da ɗaya ko biyu a jaka, ita kuwa da kwali take zuwa. Kuma ba kowane iri ba, sai na kakin zuma zalla, wanda sai ta shinshina kafin ta yarda da shi.

Abin gado ne. Mahaifiyarta, marigayiya Alphonsine, ta haddace wani tsohon annabci da ake jingina wa wani waliyyin bishop na ƙasar Ailan, wanda aka ce ya jero Fafaroma ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan laƙabinsa, har zuwa na ƙarshe. Duk lokacin da aka zaɓi sabo a Roma, sai matan unguwa su taru a kicin ɗinta su yi ta gwada masa laƙabin. In bai dace da garinsu ba a gwada tambarinsa, in bai dace ba a gwada ranar haihuwarsa, sai an cusa shi ya shiga, kamar ƙafa a takalmin da ya yi kaɗan. Yawancinsu hira ce suka ɗauke shi, ta cinye maraicen hunturu. Alphonsine ce kaɗai ba ta dariya, don ita ta haɗa shi da wani zancen da ta ji wurin kakarta, wai kafin ƙarshe za a yi kwana uku ana duhu.

Da ciwon ajali ya kama ta, ta riƙe hannun Rolande ta ce, “Ni ba zan gani ba, ke ce za ki gani. In duhun ya zo, ki toshe tagogi, kada ki leƙa. Ba wutar da za ta kama sai kyandir mai albarka, shi kuwa ko iska ba ta kashe shi. Kuma ko muryar wa kika ji a ƙofa, ko tawa ce, kada ki buɗe. Shaiɗanu aron murya suke yi.”

Rolande ba ta yi aure ba. Ƙaninta Fernand shi ne ɗanta, shi ne kuma ciwon kanta. Ita ta goya shi, ita ta koya masa addu'a, amma ya tashi direban motar ɗaukar gungumen itace wanda ba ya taka coci sai ran Kirsimeti ko jana'iza. Duk ranar Juma'a yakan zo gidanta da ke can ƙarshen hanya, inda kwalta ta ƙare daji ya fara, ya sha miyar wake ya tsokane ta.

“Yaya, in duniyar ta tashi ki ara mini guda ɗaya, zan nemo takalmina.”

“Ka dai yi ta yi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.”

“To ai ni kunnen ne injin mota ya cinye.”

Sai ga shekarar da Fafaroma ya ajiye muƙaminsa da ransa da lafiyarsa, abin da ko kakannin kakanninmu ba su taɓa gani ba. Masu ƙirga suka ƙirga, suka ce saura laƙabi ɗaya tak a jerin. A talabijin kuma aka yi ta nuna tsawa ta faɗa kan ƙubbar babbar cocin Roma a ranar da ya yi sanarwar. Rolande ta kalli hoton. Ba farin ciki ta yi ba don maganar uwarta ta fito, tsoro ne ya kama ta, irin na mai tsaron gida da aka bar wa amana.

Ta tare Fada Gosselin, limamin cocinmu, yana naɗe rigarsa bayan ibadar Misa.

“Fada, saura ɗaya.”

“Saura ɗaya me, Rolande?”

“Ka san abin da nake nufi.”

Ya yi ajiyar zuciya, don ita ce ta uku da ta tare shi a makon. “Coci ba ta taɓa cewa wannan jerin gaskiya ne ba. Masana ma sun ce an rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan waliyyin ya rasu, aka liƙa masa. Ba laifi ba ne ki karanta, amma ba wanda ya ɗora miki yarda da shi. Zancen duhun nan kuwa dabam yake, mahaifiyarki ce ta ɗaura musu aure. Ubangijinmu da kansa ya ce ranar nan ba wanda ya san ta.”

“Ban ce na san ranar ba, Fada. Ba a dai fafe gora ranar tafiya.”

Ta fita tana ganin yaro ne, karatu ya yi masa yawa. Amma abin da ya ƙarasa ta, daga bakinsa ya fito. Lahadin farko da kujerar Roma ta zama ba kowa, Fada ya zo wurin da ake ambaton sunan Fafaroma a addu'ar bagadi, harshensa ya kusa zamewa, ya yi shiru kaɗan, ya tsallake zuwa sunan bishop. Haka ƙa'ida take in ba Fafaroma, kowa ya sani, ita ma ta sha ji. Sai dai a da mutuwa ce ke kawo shirun, yanzu kuwa mutumin yana raye. Ta koma gida ta fito da barguna da ƙusoshi ta ajiye a ƙarƙashin kowace taga.

Ranar Juma'a da hantsi dusar ƙanƙara ta fara sauka. Kafin azahar iska ta taso daga arewa tana kuka a bututun murhu, sama ta yi baƙi. Sai aka yi tsawa. Tsawa cikin dusar ƙanƙara abu ne da ake daɗewa ba a ji ba, Rolande kuwa ba ta tuna ta taɓa ji ba. Fitilun gidan suka yi wal-wal suka mutu. Ta ɗaga wayar bango, shiru. Ta laluba tocila a aljihun tebur ta danna, ba ta kama ba. Batirin ya shekara biyu a ciki, amma wa zai tuna da batir a irin wannan sa'a? Ta ƙyasta ashana ta kai wa kyandir, nan take ya kama.

Ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya, idonta a runtse don kada ta leƙa, ta kafe bargunan. Ta sa sakata, ta yayyafa ruwa mai tsarki a bakin ƙofa, ta durƙusa da carbinta.

Ba ta yi nisa ba ta ji bugu. Ba bugun hannu ba ne, kamar da kafaɗa ake yi.

“Yaya! Buɗe, ni ne.”

Muryar Fernand ce, ba ko tantama. Ta ƙara ƙanƙame carbin. Ashe haka abin yake zuwa. Da muryar baƙo ce ai da sauƙi.

“Yaya, motata ta faɗa rafi wajen gada. Na jiƙe har ƙirji. Buɗe don Allah.”

Ta ɗaga murya da addu'a don ta danne tasa. Fernand ba ya cewa don Allah, ta gaya wa kanta. Kuma wane mahaukaci zai fito a wannan iska? Amma yau Juma'a ce, ga tukunyar waken can a kan murhu, waken da ita ta jiƙa tun jiya.

“Rolande, na san kina ciki, ina jin ƙamshin kyandirinki. Ba duniya ce ta tashi ba, itace ne ya faɗa kan waya. Risho na ɗauko miki, yana can cikin ruwa.”

Ta ci gaba da jan carbinta.

“Wai da gaske kike? Tsohuwar banza, hannuwana ba sa motsi!”

Zagin ya kusa tayar da ita, don wannan kam bakin Fernand ne. Sai ta tuna mai aron murya ai zai ari har da zagin. Uwarta ba ta ce sai in muryar ta yi kama sosai ba. Cewa ta yi ko tawa ce. Rolande ta rayu shekara saba'in ba ta taɓa saɓa wa matar nan ba, da rai ko a kabari. Ta gama zagayen carbi ta sake ɗaukowa daga farko, hawaye na zuba, kalmomin na fita ba ta san me take cewa ba.

Bugun ya ragu. Ya koma ƙasa-ƙasa, kamar mai bugun ya zauna. Can ta ji ya ce, a hankali, ba faɗa ba roƙo, “Shi ke nan, Yaya. Bari in ɗan huta a nan.”

Daga nan ba ta ƙara jin komai ba sai iska.

Duk wanda ya girma a ƙasar sanyi ya san abin da ake nufi in mutum ya ce zai ɗan huta: barcin da ba a tashi ne. Shirun nan ya fi bugun firgita ta. Shaiɗan da ke son a buɗe masa, me zai sa ya haƙura? Ba ta daina yarda da uwarta ba, ko kaɗan. Lissafi kawai ta yi, irin na mace da ta saba auna fata kafin ta yanka: in shaiɗan ne, ita kaɗai za ta mutu. In Fernand ne, ita ta kashe shi.

Ta miƙe, ta yi alamar gicciye, ta ce, “Mama, ki yafe mini.” Ta zare sakatar.

Iska ta banko ƙofar ta kashe kyandirin. Rolande ta tsaya ido a rufe tana jiran abin da zai same ta, da ba abin da ya same ta sai ta buɗe. Gari da haske. Haske ne mai toka-toka na yammacin hunturu, amma tana ganin shingenta, tana ganin itatuwa. Duhun duk a cikin ɗakinta yake. A gefen ƙofa ga Fernand a jingine, gemunsa ya daskare, wandonsa ya sandare kamar katako.

Yadda tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ja ƙato irin Fernand har gaban murhu, ita ma ba ta sani ba. Ta fizge bargunan daga tagogi, ƙusoshi na tsalle, ta lulluɓe shi da su. Sai da motar share ƙanƙara ta iso washegari aka kai shi asibiti. Ya rayu, amma an yanke masa yatsu biyu a hannun dama. Likita ya ce ba wanda zai iya cewa a rafin suka mutu ko a bakin ƙofa. Rolande ba ta tambaya ba, don tana ganin ta san amsar.

Yana kwance a asibitin aka ga farin hayaƙi a Roma, alamar an zaɓi sabon Fafaroma. Mata a ɗakin jira suka fara gwada wa sabon Fafaroma laƙabin ƙarshe, wata ta ce ya dace, wata ta ce ko kusa. Suka juyo wurin Rolande, tunda ita ce gwanar. Ta ce ba ta sani ba, ta koma ta ci gaba da ba ƙaninta miya a cokali.

Fernand, wanda bai taɓa barin abin tsokana ya wuce shi ba, bai taɓa ɗaga mata maganar ƙofar nan ba, ko sau ɗaya. Wannan ya fi mata zagi ciwo. Da Fabrairu ta zagayo ba ta ce ya kai ta coci ba, sai ga shi a ƙofar gida da sassafe yana danna ham. Ta fito da kyandir ɗaya a hannu.

“Ina kwalin?”

“Wannan ya isa.”

A cikin coci layi ya yi tsawo, gwiwarta ta gaza, ta zauna a benci. Ya karɓi kyandirin ya shiga layin a madadinta. Tana daga zaune tana kallonsa har ya isa gaban Fada, ya ɗaga shi sama don ruwan albarka ya same shi, ya matse shi da yatsu ukun da suka rage masa.