Wayar da Nake Naɗa wa Yaya

Yayana ya dawo Dakoro daga Aljeriya da tari, da jaka guda, da wani ɗan ƙarfe mai batir da yake zuƙa a madadin sigari. Wani likita a can ne ya hana shi taba. Ni kuwa gyaran salula nake yi a wata rumfa kusa da tasha, shi ya sa ranar da abin ya fara ƙauri ya kawo mini.

Na buɗe. A ciki akwai siririyar waya a naɗe, an zura mata lagwanin auduga. Audugar ke shan ruwan ƙamshi, batir ya zafafa wayar, tururi ya tashi. Wayar ta ƙone, audugar ta yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Yaya, ba a saida wanga abu a nan."

Ya ce, "Na zo da waya. Kai za ka naɗa, ni hannuna rawa yake."

Haka na koya. Nakan naɗa wayar a jikin ƙaramin turnabis, ƙarfen kwance noti, in matse ta, in kunna in ga ko ja ya faro daga tsakiya. In ya faro daga gefe, sai a sake. Lagwanin ya fi ba ni wahala. Audugar farmasi ya ce warin asibiti take yi. Sai na samo ɗanyar auduga wurin wata tsohuwa mai kaɗi a unguwarmu, na cire gurya, na tafasa ta, na shanya. In na cusa da yawa ta ƙone, in ta yi kaɗan ruwan ya kwararo masa a baki, ya tofar yana tsaki.

Tun da ya dawo ba ya shiga mutane. Abokansa sun yi iyali, inda suke shan shayi da can an gina shago. Ni ma tun rasuwar mahaifiyarmu daga rumfa sai ɗaki. Bayan la'asar yakan zo ya zauna kan benci, ya zuba wa hannuna ido. Ba ya ba da labarin can, ni kuma ban tambaya ba. Wani lokaci da gangan nake lalata naɗin, don kada ya tashi da wuri.

Bayan girbin gero ruwan ƙamshinsa ya ƙare. Na yi saƙo Maradi, ba a samo ba. Wata safiya ya zo rataye da jakarsa.

Ya ce, "Garin ya ƙi ni, ƙanena, zan koma. Naɗa mini da yawa."

Na naɗe duk wayar da ta rage, na jera masa a kwalin ashana, na ƙulle audugar a leda. Na raka shi tasha, na tsaya har motar ta cika.

Ya kira ni daga Agadas, ya ce sun sauka lafiya. Daga nan lambar ta daina shiga. Direbobin da ke kawo cajin salula nakan tambaye su. Wani ya ce ya hango mai kama da shi a Arlit yana aikin gini, amma motarsa na da kaya, bai tsaya sun gaisa ba.