Ciwon Kan Enoch

Enoch mutumin Gayam ne, ni kuma Yusha'u daga Kazage, kuma shekara uku muka yi muna jan zarto ɗaya a dajin Kamuku. Ga yadda aikin yake: a haƙa rami, a mirgino gungumen maɗaci a kansa, mutum ɗaya ya hau sama, ɗaya ya shiga ƙasa, a yi ta ja tun hantsi har la'asar. Shi ne na sama. Ni ne na ƙasa, mai shan garin katako ta ido da baki. Yakan ce Allah ya san abin da ya yi da ya halicce ni gajere, don rami ba ya son dogo. Ni kuma in ce masa dama biri ne ke jin daɗin sama.

Ya yi soja. Ya dawo daga yaƙin basasa da ƙafa biyu da hannu biyu, mutanen Gayam suka ce ya yi sa'a. Matarsa Helen ce ta san abin da ya dawo da shi. Wata rana ƙofa ta bugu da ƙarfi, sai ya shaƙe ta a bakin murhu yana kiranta da sunan wani mutum da ba ta taɓa ji ba. Fastonsu ya kai shi asibiti a Kaduna, aka ba shi kati ruwan ɗorawa, aka ce duk Larabar farkon wata ya zo a yi masa allura. In dai ya samu allurar nan, duk sansanin ba wanda ya kai shi natsuwa. Shi ke raba faɗa, shi ke wasa wa kowa zarto.

A cikin rami ya gaya mini, muna cin dafaffiyar doya.

"Yusha'u, in suka ji, wa zai yarda ya tsaya a ƙasana da zarto? Mahaukaci za su ce. Ka rantse da littafinku ba za ka faɗa ba."

Na rantse. Daga ranar abin ya samu suna a tsakaninmu: ciwon kai. Ba ƙarya ba ne kuwa, a kan yake.

Ɗan kwangilar da muke yi wa aiki yana da doka a rubuce, manne a rumfar helma, wato shugaban leburori: duk wanda ya nuna katin asibiti a ba shi kwanakinsa, kuma aikinsa na nan yana jiransa. Tsohon helmanmu bai taɓa neman ganin kati ba. Ranar Talata yakan ɗaga wa Enoch hannu ya hau motar katako, Alhamis ya dawo. A shekarar saba'in da uku tsohon ya koma gona, aka kawo mana Abarshi.

Ba zan ce Abarshi mugu ba ne, ko da yake na daɗe ina son in ce haka. Mutum ne da ya yi aji huɗu a makaranta ya ɗauka ya gama sanin duniya. Yana karanta Turanci, kuma a saman katin Enoch an buga sunan sashen masu taɓin hankali da manyan baƙaƙe.

Talatar farko Enoch ya je rumfa ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ina neman kwana biyu. Asibiti zan je Kaduna."

"Me ke damunka?"

"Ciwon kai."

Abarshi ya dube shi sama da ƙasa ya yi dariya. "Ƙato kamarka, ciwon kai ne zai kai ka Kaduna? In ka tafi na ƙasanka ma ya zauna, zarto guda ya kwanta. Kana da kati?"

Katin na cikin aljihunsa, ina ganin shatinsa ta jikin riga. Enoch ya ce ya manta shi a gida. Abarshi ya buɗe akwati ya ɗauko ƙullin asfirin ya miƙa masa, har da cewa biyu da safe, biyu da yamma. Enoch ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya.

Wata na biyu ma haka aka yi. A lokacin zarto ya fara gaya mini gaskiya, domin na ƙasa yana jin hannun na sama kamar yadda mahayi ke jin jakinsa. Yankan ya fara karkacewa. Yakan tsaya tsakiyar ja ya kasa kunne, ya ce wa ke kiran lambarsa ta soja. Na ce masa ya gudu ya hau mota a bakin titi, ya ce wanda ya tafi ba izini an sallame shi ke nan, yara huɗu gare shi.

Sai na tafi wurin Abarshi da kaina.

"Helma, ciwon kan mutumin nan ba irin wanda ka sani ba ne."

"To wane iri ne?"

Kalma ɗaya ce ta rage. Na tuna rantsuwa, na tsaya ina murza hula, na ce mai tsanani ne. Ya ce in ƙara masa asfirin guda ya zama uku-uku. Har yau in na tuna tsayuwar nan ina jin haushin kaina fiye da na kowa.

Larabar farkon wata na uku, da hantsi, masu sara suka kayar da wani ƙaton maɗaci kusa da raminmu ba su yi kiran gargaɗi ba. Ƙasa ta girgiza. Na ji zarto ya mutu a hannuna, na ɗaga kai, na ga Enoch ya diro cikin ramin da addar da muke share reshe da ita. Idonsa na kaina amma ba ni yake gani ba. Na kira sunansa. Sara na farko na tare da hannun hagu, yatsu uku suka faɗi cikin garin katako. Na biyu ya same ni a kafaɗa har na ji ƙarar ƙashi. Ya danne ni da gwiwa yana ihu da Turancin soja, jinina na fesa masa a fuska.

Leburori suka zo. Wani ya maka masa ƙotar gatari a ƙeya, suka ja shi waje da ƙafa, suka rufe shi da duka. Mutum goma sha wani abu, waɗanda ya sha wasa wa zarto, da sanduna da ƙotoci da sarƙar jan gungume. Na ji haƙarƙarinsa na karyewa ina kwance a rami. Abarshi na tsaye yana cewa a karya hannun, a karya hannun. Na yi ta cewa yana da kati, ku duba aljihunsa, yana da kati. Rantsuwar da na daɗe ina riƙewa na sake ta a lokacin da ba mai ji.

Ni ba wanda ya tambaye ni takarda. Jini kowa na iya karanta shi. Nan take Abarshi ya sa aka tsayar da lodi, aka ɗaure mini hannu da rawani, aka kwantar da ni a bayan motar katakon da Enoch ya roƙa sau biyu. Shi ma aka jefo shi kusa da ni, ɗaure da sarƙa, don a miƙa shi ga 'yan sanda.

Mun wuce Buruku ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya riga ya rufe da kumburi. Ya dubi hannuna ya daɗe.

"Yusha'u, wa ya yi maka haka?"

Na ce zarto ne ya kuɓuce.

"Yau wace rana?"

"Laraba."

"To, mun samu," in ji shi. "Helma ya yarda ke nan."

Bai kai Kaduna da rai ba.

A asibiti wata ma'aikaciya ta laluba aljihunsa don a san sunansa. Ta zaro katin, ta ce ai sun san shi, mutumin kirki, wata biyu suna cigiyarsa. Sannan ta zaro ƙulli biyu na asfirin, ko ɗaya ba a kwance ba, ta tambaye ni na mene ne.

Na ce na ciwon kai ne.

Bayan mako guda Abarshi ya aiko direba ya gaishe ni, ya ce in huta wata uku, aikina na nan yana jirana. Enoch kwana biyu ya nema.