Ranar da na shanya barkono a filin jirgi

Filin jirginmu ba wani fili ba ne. Jar ƙasa ce aka daddaɓe, doguwa, tsakanin gonakin dawa a bayan ƙauyenmu, ta wajen Gezawa. Sau biyu ko uku a shekara wani ɗan ƙaramin jirgi yake sauka, mai feshin tsuntsayen da ke cinye mana hatsi. Maigidana Malam, Allah ya ji ƙansa, shi ne maigadin wurin. Aikin bai wuce korar awaki da cire ƙaya ba, amma da shi muke taƙama, don duk ƙauyen shi kaɗai ake ba wa hula da takalmi.

Ya hana ni shanya a wurin ya fi sau goma. To ina zan kai barkono buhu uku? Tsakar gida kaji, bakin hanya ƙura. Ran kasuwa, yana hawa kekensa, na kira maƙwabciyata da matar ɗana, muka kwashi barkono muka baza a tsakiyar filin, ja wur, gwanin sha'awa.

Da hantsi muka ji ƙugi. Jirgin ya zo ƙasa-ƙasa ya wuce ta kanmu. Muka ɗaga masa hannu. Ya zagayo ya sake wucewa, har yana karkaɗa fukafukai.

Maƙwabciyata ta ce, "Kin gani, gaishe mu yake yi." Ta rangaɗa masa guɗa.

Ashe cewa yake mu kwashe mu ba shi wuri, mansa ya kusa ƙarewa.

A na uku ya sauko da gaske. Muka watse cikin dawa. Ya tsallake shanyar, ya dira can gaba, filin ya ƙare masa, ya afka kunyoyin dankali ya kafa hanci a ƙasa, wutsiya a sama kamar kaza tana kiwo. Iskarsa kuma ta kwashe barkonon ta watsa ko'ina.

Na ce shi ke nan, na kashe ɗan mutane, na kashe aikin Malam. Duk da haka na ruga. Kafin in isa direban ya buɗe ƙofa ya diro da ƙafafunsa, hawaye shaɓe-shaɓe, yana ta atishawa. Mutanen da suka sheƙo daga gonaki su ma kowa atishawa, salati ma ya gagara.

Na ce, "Ɗan nan, ina ne ya karye?"

Ya ce, "Inna, ba inda ya karye. Idona ne. Wace baiwar Allah ce ta shanya yaji a nan?"

"Ga ta a gabanka. Zauna."

Na aiki matar ɗana ta ɗauko kindirmo, na wanke masa ido da shi. Sauran ya karɓa ya shanye. Da na ga yana lasar baki na zauna a kan kunya na yi ta dariya ina hamdala.

Bayan azahar babban jami'in gona ya iso da mota, fuska a murtuke. Malam ma shigowarsa ke nan, yana riƙe da keke. Jami'in ya nuna shi da yatsa ya ce, "Kai ne maigadi? To daga yau…"

Na shiga tsakaninsu. "Ranka ya daɗe, kar ka ƙarasa. Mutumin nan ya hana ni, ni ce ban ji ba. Shekara talatin ba na jin maganarsa, ba yau na fara ba. In kora ce, ni za ka kora."

"Inna, ai ke ba kya aiki da mu."

"To ka ɗauke ni, sai ka kore ni."

Direban ya tuntsire da dariya, idonsa jajir. Ya ce wa jami'in gobe ne aka san da zuwansa, shi ya sauya rana kuma bai aiko ba, ba laifin maigadi a ciki. Jami'in ya zagaya jirgin, ya duba farfelar da ta lanƙwashe, ya dube ni, ya yi atishawa. Ya ce Malam ya ci gaba da aikinsa, ni kuma kar ƙafata ta sake taka filin.

Muka kama hanyar gida, Malam yana jan keke, ni ina ɗauke da abin da ya ragu na barkono a ƙwarya. Muka iso ƙofar gida. Ya jingine keken, ya gyara hularsa, ya ce, "Talatin da biyu ne, ba talatin ba."