Cokali Biyu a Shayin Inna

Ranar wata Laraba ce, kwana uku bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Na dawo daga gidan ƙawata da azahar, na tarar da Inna zaune a bakin angareb, gadon nan namu na igiya, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Naman layya na rataye a bisa kanta yana shan iska. Ta ajiye kwanon ruwa a gabanta, ta shafe hannunta na hagu da sabulu, tana murza munduwar azurfar da ban taɓa ganin hannun babu ita ba. Ta ja, ta murɗa, ta cije leɓe, har wurin ya kumbura, munduwa ta ƙi ko motsi. Da ta gaji sai ta ɗauraye hannun, ta dube ni ta ce, "Hauwa, ki shaida. Ranar da ta fita, taki ce."

Munduwar ta kakar Inna ce, wadda ta taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar aikin Hajji, tafiya ta ƙare mata a nan bakin kogi, a ƙauyenmu da ke kusa da garin Rusairis, can gabas a kan tsohuwar hanyar alhazai. A gidan su Inna ba a gadon munduwar nan. Uwa ce ke zare ta da hannunta ta sa wa 'yarta, tana da rai, tana kallo. Inna ta karɓe ta tana amarya siririya, bayan haihuwa shida kuwa nama ya rufe ta har ta nutse a wuyan hannu. Baba ya sha cewa a kira maƙeri ya yanke, ita kuma ta ce abin da ya ratso duniya bai karye ba, ba a hannunta za a sa masa ƙarfe ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne dalilin wannan kokawa da sabulu. Mako guda kafin Sallah Inna ta yanke jiki ta faɗi a lambunmu na gaɓar kogi tana tsinkar kuɓewa. Baba ya sa ta a mota zuwa Rusairis, likita ya ce ciwon sukari ne da hawan jini, kuma maganinta na farko shi ne ta rage jiki. Mu yara cewa aka yi mana rana ce ta buge ta. A wajenmu ba a zaunar da yaro a yi masa bayanin ciwon babba. Babu ma'auni a ƙauyen sai na masu auna buhunan dawa, don haka Inna ta mayar da munduwar ma'auninta.

Ta kama abin da gaske. Bayan sallar asuba sai ta yafa mayafi ta bi hanyar gonaki har gindin wata tsamiya da ke bakin ruwa, ta taɓa ta, ta juyo. Nakan bi ta kafin lokacin makaranta, raɓa na jiƙa mana ƙafafu, masu jakuna na wuce mu da jarkokin ruwa suna tambayar ko lafiya. A farko sai ta zauna sau uku kafin mu isa, tana haki, tana cewa, "Sannu ba ta hana zuwa." Kisra, wainar dawar nan mai faɗi da take gasa wa gida duka a kan faifan ƙarfe, ta koma cin rabin abin da ta saba, da miyar busasshiyar kuɓewa ba mai. Za ta soya mana zalabiya, ɗan ƙosan fulawar nan mai zaƙi, da safe, ƙamshi ya cika gida, ta juya baya ta kurɓi shayinta baƙi, ba madara ba sukari. Kowace Jumma'a kuma, in ta gama yi mini kitso, sai ta ɗauko sabulu. A wata na biyu munduwa ta fara juyawa. A na huɗu ɗan yatsana ya shiga ƙarƙashinta, Inna ta yi dariya har da tafi kamar yarinya. Wannan ɗan motsin shi ke tashinta kowace asuba.

Sai dai gari bai ga abin da take gani ba. Da hantsi matan unguwa kan taru a gidan ɗaya daga cikinsu a sha jabana, wato gahawar da ake dakawa a dafa a ɗan tulun ƙasa. Mai gida ce ke zuba wa kowa sukari da hannunta, kuma yawan abin da ta zuba miki shi ne girmanki a wurinta. Inna ta fara rufe bakin kofinta da tafin hannu. Da farko aka yi dariya, daga nan magana ta tashi. Gwaggo Ramlatu, yayar Baba, ita ta fi kowa zafi. Ina shara na ji ta tana ce wa Inna, "Ke, mi muka yi miki? Ƙin abin hannun mutum ai ƙin mutum ne. Dubi wuyanki, wallahi kamar na zabuwa! So kike a ce ƙanena ya kasa ciyar da ke?" Inna ta ce likita ne ya hana. Gwaggo ta ce likita ba ya zaman unguwar nan.

Maganar ta bi ni har makaranta. Muna 'yar carafke a inuwar aji, wata ta ce innarta ta ce tamu ta kamu da ciwon da ba a faɗa. Na watsar da duwatsun na tafi bayan aji na yi kuka. A iya sanina na 'yar shekara tara, babba ba ya ramewa sai in zai mutu. Na ga haka ga kakana, na ga haka ga wata maƙwabciyarmu da aka fitar da gawarta da damina. Sai na fara kallon wuyan Inna da idon Gwaggo, na fara tsoron Jumma'a, na fara ganin kowane motsi na munduwar nan taku ne zuwa maƙabarta.

Dafa shayin safe aikina ne. Wata safiya, ina tsugune gaban murhun gawayi, na buɗe gwangwanin sukari na zuba cokali biyu a kofin Inna, na juya a hankali don kada cokalin ya yi ƙara. Na miƙa mata na tsaya. Ta kurɓa, ta dakata, ta dube ni ta saman kofin, kallon da har yau ina iya zana shi. Sannan ta shanye duka ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ɗauka ban kamu ba. Washegari na sake, na kuma ci gaba har kaka ta wuce.

Ba a rana ɗaya abin ya rushe ba. Munduwa ta tsaya inda take. Wata Jumma'a Inna ta ce sabulu ya ƙare, ta gaba ba ta ma neme shi ba. Tafiyar asuba ta koma ta bayan kwana biyu, daga baya ta ce gwiwa na damunta. Ranar da ta ɗauke hannu daga bakin kofi a wajen jabana, har guɗa Gwaggo ta yi. Ni kuwa na kwana da farin ciki, ina ganin na ƙwato uwata daga bakin mutuwa.

Bayan shekara huɗu idanunta suka fara dushewa, wani ɗan gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa, ta kwanta. A lokacin ne ta yi ramar gaske, wadda na yi ta gudu. Na riga na girma na fahimci ciwon. Wata safiya na kawo mata shayi ba sukari, na durƙusa gefen angareb na faɗa mata abin da na yi. Ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, harshena bai mutu ba. Tun kurɓin farko na sani. Na ga kin tsaya kina jira, idonki cike da tsoro. Duk unguwa na iya rufe musu kofina, ke ce na kasa." Sai ta miƙe hannunta na hagu, ta karkata shi, munduwa ta zame da kanta ta faɗa cinyata, ba ruwa ba sabulu. Ta laluba ta sa mini. "Ba ta wannan hanya na so ta fita ba," in ji ta, "amma da raina na ba ki." Ba ta ga girbin shekarar ba.

Yau na kai shekarun da Inna take da su ranar waccan Larabar, ina zaune a birni nesa da kogi, kuma likita ya gaya mini irin abin da aka gaya mata. Na taɓa ba shi labarin cokali biyun, ya ce ba su ne suka kashe ta ba. Na yarda da shi. Amma na san abin da suka kashe. Ina da ma'auni a ɗaki, da waya mai ƙirga takuna, da takardar abin da zan ci da wanda zan bari. Inna ba ta da ko ɗaya, kuma ta fi ni ƙarfin zuciya. Abin da ta rasa shi ne mutum ɗaya a cikin gidanta da ya san inda ta dosa. Shi ya sa ranar da na dawo daga asibiti na zaunar da 'yata na gaya mata komai, har da abin da za ta gani a wuyana da abin da mutane za su ce. Munduwar ta kama hannuna kamar yadda ta kama na Inna. Akwai safiyar da ba na son tashi, sai in taɓa ta in tuna tsamiyar bakin ruwa, in nemi takalmana. Ranar Jumma'a 'yata ce ke kawo sabulu, kuma a makon jiya ɗan yatsanta ya shiga.

Da an gaya mini gaskiya ina 'yar shekara tara, da ni zan riƙa rufe mata kofin.