Gangar Baba a Bayan Lamba Huɗu

Mahaifina makaɗin noma ne. Yau na rubuta haka ba tare da hannuna ya yi nauyi ba, amma na yi shekaru ina aiki a Magarya ban taɓa faɗin wannan magana a biro, wato ofishinmu, ba. In aka tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce noma, in ja bakina in tsuke. Ba ƙarya na yi ba, muna da gona, amma ni na san inda na yanke zancen.

A ƙauyenmu, can gefen Yekuwa, in za a yi gayya Baba ake fara gaya wa kafin a surfa geron fura. Shi ke bin bayan samari da ganga yana yi wa kowa kirarin kakansa, har mutum ya manta ƙugunsa na ciwo. Sai dai in an zo zaman manya ko neman aure, nan take a tuna cewa mu gidan makaɗa ne. Na sha jin haka tun ina lakol, ina ɗan makarantar boko, na haɗiye, ya zauna min a ciki har na yi furfura.

A shekarar da hannunsa na dama ya fara rawa, yanar ido kuma ta fara rufe masa gani, ya yi gayyarsa ta ƙarshe. Mijin ƙanwata ya ɗauke shi da waya, aka zuba masa a ɗan katin nan na memuwar, na ajiya a waya, da bai kai farce girma ba. Baba ya gwada kallo a wayar, ya ce shi dai tururuwa yake gani suna motsi. Da na je gida hutun salla, ya kwance katin daga wata leda da ya naɗe da zare, ya ɗora min a tafin hannu.

"Kai kana da tele babba," in ji shi. "Ka sa min shi a ciki, ka bar shi nan jikokina su riƙa gani. Ni ma in na zo in ga kaina tun idon nan da saura."

Na ce to, in sha Allahu. Tun a kan hanyar komawa na fara neman mafita, don duk Lahadi abokan aiki a salona, wato falon gidana, suke taruwa shan shayi, har da shef ɗinmu, shugaban biro, kuma ƴaƴana ba sa barin telekoman, rimot ɗin talabijin, ya huta.

Telen tawa tsohuwa ce, babu inda za a soka mata kati. Sai na nufi shagon wani mai kayan lantarki a bakin kasuwa, mutum mai faɗin baki da ke sarin kayansa daga Kano. Ya jera min akwati uku a kan tebur. Na farko irin mai cin faifai ne, yana da ramin kile, wato filashi, da na kati. Ya ce wannan da ka soka sai ya kama zuba duk abin da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya, ko tsohuwa za ta iya da shi. Na biyu dekoda ce mai rami a gefe, ya ce tana da zaɓen abinci, wani bidiyon ta karɓa wani ta ƙi. Na uku ɗan ƙarami ne baƙi, kamar sabulun wanka, ya ce shi wannan sai ƴan boko.

Kowa ya san wanda ya dace da tsoho mai yanar ido da yara ƙanana. Ni ma na sani. Na juya na farkon a hannu, na ajiye, na waiga ko akwai mai ji, sannan na yi ƙasa da murya na ce, "A cikinsu akwai wanda mutum zai iya kulle wani abu, kar kowa ya gani?"

Mai shagon ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya yi wata dariya ta hanci.

"Malam, ashe kai ma ana taɓawa? Kar ka damu, manya da yawa wannan ƙaramin suke ɗauka. Lamba huɗu za ka sa, ko madam ba za ta san da shi ba."

Na gane sarai irin fim ɗin da yake zato. Da bakina a buɗe, da hankalina a jikina, na zaɓi ya ɗauke ni mai kallon batsa da in ce masa mahaifina ne ke kaɗa ganga. Har murmushi na taya shi, Allah Ya yafe min. Ya nuna min yadda ake kullewa, na ɗauki ƙaramin na fito.

Wani zai ce me ya hana ka jefa katin a aljihu kawai ka huta? Ai ni ba hutu nake nema ba, so nake in iya rantse wa Baba cewa yana cikin tele, kuma kar wani mahaluki ya gan shi. Na soka katin, na kulle, na zuba wa'azi da waƙoƙi da bidiyon sunan autana a fili. Da Baba ya sa aka kira ni a waya yana tambaya, na ce masa wallahi yana ciki. Na kashe wayar ina jin kaina mai dabara.

Bayan an gama girbi, wata Lahadi da azahar, ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur a ƙofar gida. Baba ne, ba aike ba sanarwa, da buhun wake a ɗaure a baya. Salon cike yake, shef na kan kujerar tsakiya. Suka gaishe shi da girmamawa, aka tashi aka ba shi kujera, ya ce a'a, ya ja tabarma har gindin telen ya zauna. Ko ruwan da matata ta kawo bai gama sha ba ya ɗago kai.

"To, kunna min mu gani."

Shef ya ce, "Wane abu ne Baba yake so a kunna?"

Na riga Baba buɗe baki. Na ce wani ɗan bidiyon gida ne. Na kama telekoman ina latse-latse, in shiga nan in fita can, gumi na bin bayana. Can na yi tsaki na ce, "Baba, akwatin nan ba ya karanta katinka. Irin na ƙauyen nan ba su cika shiga ba."

Bai yi fushi da ni ba, wannan ne ma ya fi ci min rai. Da mai shagon ya yi fushi. Ya ce an ga yaro mai sanyin hali an sayar masa da gwangwani. Abokan aikina suka yi dariya, aka koma hirar ƙwallo, shi kuwa ya zauna yana shafa gilashin telen da yatsa.

Da baƙi suka watse bayan la'asar, matata ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ka ji tsoron Allah ka kunna wa tsohon nan abinsa." Na ce in na kunna yanzu zai gane, ta bari gobe in fita da akwatin in dawo in ce an gyara. Ta dube ni kawai ta koma madafa. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Washegari ina ɗaura agogo na tarar Baba ya riga ya zare akwatin da wayoyinsa ya zuba a jakarsa, yana tsaye da sanda.

"Mu je tare," ya ce. "Kai ba ka iya faɗa ba."

Na kawo uzurin biro, na kawo na rana, ya ce ko ni ko ya tambayi hanya. Haka na goya shi a babur.

Tun daga bakin shagon ya fara, da muryar nan tasa da ke kai wa ƙarshen gona. Mai shagon ya ba shi haƙuri, ya jona akwatin a wata ƙatuwar tele da ke rataye, ya latsa sau biyu, ya tsaya. Ya matso kusa da kunnena, wai shi rufin asiri zai yi min.

"Malam, wannan wurin ai a bar shi sai kun koma gida."

Idon Baba ne ya raunana, kunnensa garau. Ya ce wane wuri? Mai shagon ya sosa ƙeya ya ce, "Akwatin lafiyarsa ƙalau, Baba. Katin na ciki, an dai kulle shi ne da lamba."

"Wa ya kulle?"

Na karɓi telekoman na danna lambobin nan huɗu.

Ganga ta cika shagon. Ga Baba a tsakiyar gona, riga a ɗaure a ƙugu, samari a jere da hauya suna tafiya kamar mutum ɗaya. Mai shagon ya dubi telen, ya dube ni, bakinsa a sake. Masu wucewa suka fara tsayawa, wani mai amalanke ya bar shanunsa ya leƙo yana cewa rabonsa da jin irin wannan kiɗa tun yana saurayi. Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya yi dariyar hularsa da ta karkace, ya nuna wani a cikin masu noman ya ce Allah Ya ji ƙansa. Hannunsa mai rawa yana bin kiɗan a kan cinya. Ni ina can jikin ƙofa, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Da ya ƙare, ya goge idonsa da bakin riga, ya juya ga mai shagon.

"Ɗana, shi wannan makullin don me ake yinsa? Don ɓarayi?"

Mai shagon ya sunkuyar da kai. Ya so ya yi ƙarya, na gani a fuskarsa, amma ba kowa ne ya iya ta kamar ni ba.

"Don abin da mutum ba ya so baƙi su gani ne, Baba."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Ya ce a ciro masa katinsa. Aka ciro, ya jefa a aljihun gaba, ya dafe da hannu. Na ce Baba mu je gida in kunna maka a salo, yara su gani, ya ce ai ya gani, ya gode. Na ce to in kai ka tasha. Sai ya juyo ya fuskance ni, ya ɗan rusuna kamar yadda mutanen ƙauyenmu ke yi wa ma'aikacin gwamnati in ya zo da takarda, ya kira ni da sunan girmamawar da suke kiran irinsa.

"A'a, Mushe, koma wurin aikinka. Zan samu kabu-kabu. Kar a gan ka da ni a hanya."