Manoman da Manhaja Ta Zubar

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, bincikena a kan dawa ne: dami nawa magidanci ke samu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Sai malamin da ke duba aikin ya sa hannu zan fita tare da 'yan ajinmu.

Kawuna ne ya riƙa goya ni a babur ƙauye-ƙauye. Amma a wajenmu ba kowa ke faɗin abin da ke cikin rumbunsa ba. Wanda ya samu da yawa yana tsoron baki, ga kuma tsoron kada zancen ya kai kunnen 'yan bindiga a daji. Wanda bai samu ba kunya ke hana shi. Wani dattijo a Ruwan Godiya ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke aka naɗa mai karɓar zakka bana?" Muka yi dariya, na bar gurbinsa a takardar tambayoyi ba komai. Haka irin waɗannan gurabu suka yi ta taruwa.

Da na koma makaranta, na zuba lambobin a manhaja uku don in ga wadda za ta fi mini. Ta farko ita ce ta danna-danna da sashenmu ya saba da ita. Nan take ta ba ni matsakaicin dami, tsaf-tsaf kamar an goge. Ta biyu, Python, ita ma da umarni layi biyu ta ba ni wannan amsa. Ta uku kuwa, mai suna R, ta ƙi. Ta nuna cewa akwai gurabu, ba za ta lissafa ba sai na umarce ta da kaina ta tsallake su. A nan na gane sauran biyun sun ajiye mutanena gefe ne suka wuce.

Na kai wa malamin. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ke dai kin cika son wahala," in ji shi. "Biyu sun ba ki amsa, ɗaya ta yi gardama, sai ki bi mai gardamar?"

"Malam, waɗanda aka tsallake su ne waɗanda suka samu da yawa da waɗanda ba su girbe komai ba."

"To ki cike gurabun mana. A shagon buga takardu na bakin ƙofar makaranta har manoman da ba a haifa ba suna shigarwa. Wa zai je Sabuwa ya ƙirga?"

Ofishin nan cike yake da kundayen ɗalibai masu bango mai sheƙi, na kasa ƙara kallonsu.

Na rubuta gaskiyar abin: ga amsar waɗanda suka yi magana, na sauran ban sani ba, kuma ga dalili. Ya ce bincike ba ya ƙarewa da "ban sani ba", ya ƙi sa hannu.

'Yan ajinmu suka tafi bautar ƙasa. Ni kuwa na hau motar Ƙanƙara da kwamfuta a cinya, na koma gida jiran wata kakar in sake aikin.