Gargaɗin da Harira Ta Kashe

Harira Lawan irin mutanen nan ce da za su kulle ƙofa, su kai bakin titi, su dawo su sake jan kwaɗon. 'Yar direba ce daga Rafin Guza, kuma shekara huɗu muna ofis ɗaya a Unguwar Sarki, wani ƙaramin kamfani mai rubuta wa asibitoci manhaja. Hajiya Anya muke ce mata, don kome ka faɗa sai ta ce, "Anya kuwa?"

Muna da wata manhaja mai duba aikinmu. Ba ta kunna abin da muka rubuta, karanta shi take yi layi-layi ta nuna inda take zargin kuskure. Mai-Ƙorafi muka sa mata. Kullum da safe gargaɗi ɗari uku da wani abu, yawanci ƙarya tsagwaronta, har muka daina karantawa. Sai shugabanmu, Malam Shamsuddeen, ya ce Harira ta zauna ta tace su, ta koya wa Mai-Ƙorafi yin shiru inda babu laifi. To, wa za a ba wannan aiki in ba matsoraciya ba?

Wata biyu tana fama, har ta rame. Ta mai da ɗari uku suka koma goma sha ɗaya. Cikin waɗanda ta kashe akwai wanda ke cewa sunan majinyaci zai iya zuwa babu komai, a daidai inda ake neman fayil da lambar kati da suna. Ta juya shi, ta tambaye ni. Ni ne na ce mata, "Haba Hajiya Anya, akwai ɗan Adam marar suna ne?" Na yi dariya, ita ma ta yi, ta kashe shi. Har yau ina jin kunyar wannan dariya.

Kwana goma sha bakwai da kai wa wani asibiti sabuwar manhajarmu, yayarta Maijidda ta haifi tagwaye maza a can. Muka je barka bayan Juma'a. Ɗaya ɓul-ɓul, ɗaya kuwa ɗan mitsitsi, ana masa allura. Wata nas tana mita, wai kwamfuta ta nuna mata jariri ɗaya.

Harira ta ce, "Sista, wane suna kuka sa musu?"

"Suna kuma? Yau kwanansu biyu fa. Kowa ya san Hassan da Husaini ne, amma ba ma rubutawa sai an raɗa. Katin uwar muke sawa, mu bar wajen sunan."

Na ga Harira ta dafa gado. Kati ɗaya, suna babu, sai manhajar ta haɗe yaran a fayil guda. Nauyin babban, kilo uku, ya hau kan na ƙaramin, wanda bai kai biyu ba. Da nauyin nan kuwa ake auna magani. Ga nas da sirinji a hannu.

"Kada ki yi! Don girman Allah, Sista, kada ki yi masa!"

Ban taɓa jin Harira ta ɗaga murya ba sai ranar. Aka kira likita, aka sake ɗora yaron a sikeli, aka rage maganin. Ƙaramin, Husaini, ya rayu, yanzu har rarrafe yake.

A adaidaita ta buɗe kwamfutarta a cinya, ta dawo da gargaɗin, muka gyara kafin Magariba. Washegari ta roƙi asibitin ya duba ko hakan ta faru da wasu. A kwanakin nan goma sha bakwai an haifi wasu tagwayen har sau uku. Gida biyu an same su lafiya lau. Na ukun wata mata ce daga wajen Rigachikun, an sallame ta, lambar wayar da ta bari kuma ba ta shiga.

Likita ya ce mai yiwuwa ko allura ba a yi wa nata ba. Mai yiwuwa.

Yanzu babu mai ce mata Hajiya Anya. Kullum bayan sallar Azahar takan fita baranda ta kira lambar nan. Ni kuwa sai in tsaya da aiki, ina kallon fuskarta ta taga.